Murfin injin mashin ɗin Baba ya ƙi ƙyalli, a taimaka da shawara

Autan Baba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma tun kafin a yi mini dariya na amsa laifina. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mashin Honda CG125 a ɗakin da muke tara harawa, shekara 11 ba wanda ya tayar da shi. Har kaza ta yi ƙyanƙyasa a gindinsa. Da aka zo rabon gado yayyena suka ce ba mai so, na ɗauka. Wani bakanike a Ringim ya canja masa fistin da ringi, yanzu bugu ɗaya yake tashi. Ni kuma ba so nake ya koma yadda ya fito daga kwali ba. Na cire kariya, na datse madigadin baya, baduku ya ɗinka mini shimfiɗaɗɗen sirdi na jar fata, tanki zai sha baƙin fenti. Saura ƙyalli. So nake murfin injin nan biyu da gangar birki su zama kamar madubi kafin ɗaurin aurena bayan kaka.

To ga ɓarnar da na tafka. Na karɓo jar samfefa a wajen kafintan garinmu na hau salansa da ita, don ta yi ɗigo-ɗigon tsatsa. Da farko ta yi fari, na ji daɗi na ƙara ƙaimi. Sai wani wuri ya koma ruwan ɗorawa, can kuma ya yi toka-toka. Kwana biyu ta sha raɓa, yau da safe na tarar da wurin ja wur. Murfin inji kuwa da na goga masa sai ya zama kamar inda kaji suka yi tono. Yaya zan yi?

Ɗan Ɓaɓura: Ango, kai wa masu tukunyar dalma murfin nan su narka, amarya ta sami ta tuwo. Sabon murfi ga shi nan birjik a kasuwa, ba sai ka wahala ba.

Bakaniken Tasha: Kada ka ji tasa. Sunan garinsu ne kawai ya yi kama da babura, ko keke bai iya gyarawa ba. Murfin asali ya fi kauri, kuma ya riga ya zauna daram da injinsa. Na sha ɗaura sabo yana yoyon mai ta gefe, na ƙara fakin, abin nan da ake sawa tsakanin murfi da inji don tare mai, a banza. Riƙe abinka.

Malamin Fasaha: Wa alaikumus salam, Allah ya ji ƙan Baba. Ƙanina, ba ƙarfin hannu ka rasa ba, ƙarafan ne ba ka bambance ba. Kafin ka sake taɓa komai, nemo mayen ƙarfe na tsohuwar sifika ka bi mashin ɗin da shi gaɓa-gaɓa.

Inda ya kama, kuma wurin yana ɗaukar ido, kamar salansa da kan mashin da garen taya, baƙin ƙarfe ne da aka yi wa riga. Ana fara yi masa ruwan nikel, sannan a ɗora kurom a kai. Kaurin kurom ɗin nan bai kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba, silin gashin kanka ya ninka shi fiye da sau 50. Abin da ka gani da idonka shi ne tarihin rigar: farin da ya fara fitowa kurom ne yana tafiya, ruwan ɗorawar nan nikel ne, toka-tokar kuwa tsiraicin ƙarfe ne, shi ya sa raɓar dare biyu ta ishe shi. Wannan ƙyallin aro ne, idan ka kankare ya tafi ke nan.

Inda maye ya ƙi kamawa, wato murfin inji da gangar birki, alminiyum ne, wanda mutanenmu suke kira dalma. Ba dalma ba ce, dalma ta gaskiya nauyi gare ta, ita ce a cikin batirin mota. Shi alminiyum ƙyallinsa a jikinsa yake, ko'ina ka yanka iri ɗaya ne. Don haka murfin bai lalace ba, sawun samfefar kafinta ne kawai, kuma sawu yana gyaruwa.

Autan Baba: Malam, wato salansar ta tafi ke nan? Ba inda ake sake yi mata ruwan?

Malamin Fasaha: Ruwan kurom aikin masana'anta ne, da lantarki da sinadarai masu guba ake yin sa, ba abin da za a haɗa a bayan gida ba ne. Kuɗinsa ma zai fi na sabuwar salansa. Tun da tanki baƙi ne, ka ƙarasa kankare ta fes, ka wanke da tina, ruwan tsinka fenti, ka fesa mata baƙin fenti mai jure zafi. Baƙar salansa kusa da farin murfi ta fi kyau ma a ido na.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya: Ka kiyayi masu cewa za su fesa maka kurom da gwangwani. Wani mai fenti a birni ya taɓa yi mini, ranar da na karɓa kamar na lasa. Ban kai Gezawa ba salansa ta fara hayaƙi, fentin ya yi ƙuraje, bayan sati guda yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Fentin silba ne kawai aka canja wa suna.

Oga Fenta: Bari na faɗa maka yadda muke yi, ka rubuta. Da fari murfin nan ba tsirara ya fito daga kamfani ba, akwai fenti ko banish a kansa. Waɗannan fararen layukan da kake gani kamar hanyar gara, ruwa ne ya shiga ƙarƙashinsa. Sai ka cire shi tukuna. Sayi maganin cire fenti, ka shafa da buroshi a fili inda iska take kaɗawa, kada ya taɓa fatarka, ka jira ya tattare sannan ka kankare da katako ko tsohon katin waya. Ban da wuƙa. Yadda za ka gane ka isa jikin ƙarfe: ɗiga ɗan man goge ƙarfe a farin tsumma ka murza. In tsumma ya yi baƙi ƙirin, ka iso. In ya fito fari, da sauran banish.

Sai samfefa. Ba ta kafinta ba, baƙar nan ta ruwa da muke amfani da ita, ana samu a wajen masu kayan fentin mota a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Duba bayanta akwai lamba, iya girman lamba iya laushinta. Tun da ka riga ka yi masa zane mai zurfi, fara da 240. Daga nan 400, 600, 800, 1000, 1500, in ka samu har 2000. Jiƙa ta a roba da ɗan sabulu kamar minti 10 kafin ka fara. Yanko tsohon silifa ka naɗe ta a jiki, don in da yatsu zalla ka danna, wurin zai yi kwari-kwari, sai ya yi ƙyalli ka ga fuskarka a karkace kamar a cokali.

Abin da yake kayar da yara shi ne tsallake. Mutum ya yi 240 ya gaji, ya ɗauko 1000 wai zai gajarce hanya. Aikin kowace lamba ɗaya ne tak, ta share sawun wadda ta gabace ta. In ka goga 240 a tsaye, goga 400 a kwance, kada ka tsaya sai ka nemi layi ɗaya na tsaye ka rasa. Sannan ka zubar da ruwan, ka ɗauraye murfin, ka ɗebo sabo, ka sake juyawa. Ƙwayar yashi ɗaya ta tsohuwar lamba in ta biyo ka, sai ta mayar da kai baya awa guda.

Ɗan Ɓaɓura: Kai, wannan ai kafin ya kai 2000 amarya ta haihu. Ni ga gajeriyar hanya: jiƙa murfin a ruwan sodar da mata suke yin sabulu da ita, ya kwana. Da safe fenti da datti duk sun zube.

Maman Amira: Innalillahi. Ɗana, kada ka kuskura. Shekara 9 ina sana'ar sabulu, abin da aka fara koya mana shi ne ba a jiƙa soda a tukunyar dalma, sai a roba mai kauri. Wata maƙociyata ta yi gardama ta zuba a tukunya, nan take ta hau tafarfasa ba wuta, ta yi zafi tana wani irin hayaƙi mai shaƙe mutum, cikin tukunyar ya yi baƙi ya zaizaye. In murfin nan ya kwana a ciki, da safe rariya za ka tsamo.

Malamin Fasaha: Hajiya ta gama magana. Soda cin alminiyum take yi, kuma iskar da take tasowa haidurojin ce, mai kamawa da wuta. A ƙara da ruwan batir, shi ma a bar shi inda yake. Ruwan kanwa ma duhu yake sa shi.

Ɗan Ɓaɓura: To na janye. Ni ma ji na yi a majalisa.

Maman Amira: Ku maza komai sai kun kashe kuɗi. Mu da toka da soson ƙarfe muke fito da tukwane kamar sababbi.

Oga Fenta: Hajiya, ƙyallin tukunya daban, na madubi daban. Ki ɗaga tukunyarki a rana za ki ga zane rututu, fari ne kawai ya rufe shi. Soson ƙarfe kuma yana barin burbushinsa a jikin alminiyum, damina na zuwa sai ka ga jajayen ɗigo a ƙarfen da ba ya tsatsa, ka rasa daga ina. Tokar da aka tankaɗe da lallausan ƙyalle dai ba laifi a wanke maiƙo da ita, amma a ɗauraye da wuri.

Mai Walda Gujungu: Duk wannan dogon Turanci ne. Kawo mini murfin ranar Lahadi in ka shigo kasuwa, na ɗaura faifan ƙyalle a giranda, minti 20 ka ga haƙoranka a ciki. Hannu ai na wanda ba shi da inji ne.

Malamin Fasaha: Oga, wace girandar? In ta hannu ce da kake yankan rodi, tana juyawa kusan sau 11,000 a minti. Bakin faifanta na milimita 115 gudun da yake yi ya kusa kilomita 240 a awa. Ta kan teburi kuwa wajen 2,850 take yi, faifan inci 6 a kanta kamar kilomita 80 ne a awa, kuma ita ce daidai da wannan aiki. Alminiyum taushi gare shi, a digiri 660 yake narkewa, baƙin ƙarfe sai ya haura 1,400. Da gudun girandar hannu wurin zai yi zafi, sabulun gogewar da ake shafa wa faifan ya ƙone ya manne, rubutun HONDA na jikin murfin ya shafe gefe guda. Kuma ko injin da ya dace ne, ba ya share zanen samfefar kafinta. Haskaka zanen zai yi ya fito raɗau.

Mai Walda Gujungu: Malam, kai a allo ka san ƙarfe, ni a hannu na san shi. Shekara nawa ina yi wa samarin rugage kan mashin da kariya, ba wanda ya dawo da ƙorafi.

Bakaniken Tasha: Ba su dawo ba don daga nesa ake kallo. Ni ganau ne a kan giranda. Wani yarona ya riƙe murfin kuloci da hannu ɗaya, ya kai bakinsa saman faifai. Ƙiftawar ido faifan ya fizge shi, ya yi sama ya huda kwanon rumfa, ya faɗo a kan tiren mai gyaɗa. Allah ya tsare ba kan yarinyar ya sauka ba. Na biya gyaɗa, na biya kwano, na sayi murfi. Tun daga ranar dokar garejina: abin da ake gogewa a ƙasan tsakiyar faifai yake zama, ba a ba faifai baki ko kusurwa, ba mai matsowa da riga mai faɗin hannu ko carbi a wuya, kuma sai da tabarau da takunkumi.

Mai Walda Gujungu: Wannan kam gaskiya ne, ni ma na taɓa rasa hannun riga. To a yi haka, ya yi samfefarsa a gida har 800, ya kawo na ƙarasa masa a ta teburi. Ina da sabulun gogewa ruwan ƙasa da fari. Amma fetur ɗin janareta nasa ne, tun da aka cire tallafi a 2023 ba na tayar da inji don Allah-ya-saka.

Malamin Fasaha: Yanzu muka daidaita. Ruwan ƙasan shi ake fara yi wa alminiyum a faifai mai ɗinki, farin a ƙarasa da shi a faifai sako-sako. Koren na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, jan kuma na maƙeran zinariya da azurfa. Kowane launi da faifansa, kada a gauraya. Roƙo ɗaya, Oga: ka share ƙurar ƙarfen da take ƙarƙashin teburin kafin ku fara. Garin alminiyum in ya haɗu da garin tsatsa, tartsatsin walda ya faɗa ciki, wutar da take tashi ba ta wasa ba ce.

Kawu Manomi: Ni dai tun ɗazu ina karantawa ina mamaki. Yaro, hanyar garinku na san ta, rairayi ne da burji. Ƙyallin nan ko kasuwa ɗaya ba zai ci ba. Ga aure a gabanka, ga lefe, ga gyaran ɗaki, kai kuma kana zaune kana shafa ƙarfe kamar mai jinya. A zamaninmu mashin in yana kai buhu kasuwa ya dawo da kai lafiya, ya gama kyau. Kuɗin samfefa da fenti da fetur ɗin nan ka haɗa ka sayi 'yar tunkiya, kafin baɗi ta zama biyu.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya: Kawu, ranka ya daɗe, to dokin da ake yi wa kwalliya ranar hawan salla fa? Shi ma ƙura yake shiga, kuma ban taɓa jin an ce a sayar da kayan dokin a sayi tunkiya ba. Ni tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013 na dawo ƙauye da Jincheng ɗina, har yau shi nake hawa. Abokan da muka saya tare nasu sun daɗe a wajen 'yan gwangwan. Mai goge mashin duk sati shi yake fara ganin notin da ya kwance da inda mai yake tsattsafowa.

Kawu Manomi: Doki ai rai gare shi, yana sanin mai shi.

Autan Baba: Kawu, na ji maganarka kuma ban raina ba. Lefe an haɗa, gero yana rumbu. Da dare nake aikin nan bayan na dawo daga gona, lokacin da sa'o'ina suke wajen kallon ƙwallo. Baba duk ranar Juma'a da hantsi yake fito da mashin ɗin nan ƙofar gida ya wanke, ni ne mai riƙe masa buta. In ya gama sai ya ce na leƙa murfin na gaya masa ko na ga hancina. Hancin nake so na sake gani, shi ke nan.

Kawu Manomi: To, Allah ya ji ƙansa. Ka dai rage wa tunkiyar wani abu.

Bakaniken Tasha: Tun da za a yi, ga wuraren da ko kusa kada samfefa ta je. Bakin murfin da yake haɗuwa da fakin, in ka rage shi ko kaɗan yoyo har abada. Cikin gangar birki inda takalmin birki yake kamawa, kada ko man gogewa ya shiga, in ya shiga za ka taka ka wuce. Sandunan shokozoba na gaba masu shiga suna fita, in suka sami zane sai su yanka robar da take tare mai. Kuma kwance murfin za ka yi ka goge a ƙasa, ka toshe ramukansa da tsumma, ka wanke da kananzir kafin ka mayar. Yashin samfefa in ya shiga cikin inji, sabon ringin nan naka ya zama tarihi.

Babba kuma: lambar inji da take ƙasa kusa da giya, da lambar jiki a wuyan mashin. Ko sun yi datti da buroshin haƙori za ka wanke. Ranar da jami'in tsaro ya ga alamar an goge lamba, ba zai tsaya jin labarin aure ba, na sata zai ce.

Autan Baba: Wallahi saura kaɗan na bi ta kan lambar jiya. Silinda fa, mai haƙarƙarin nan? Ita ma na so ta yi fari.

Malamin Fasaha: Bar ta. Injin CG iska ce kawai take sanyaya shi, ba ruwa, haƙarƙarin nan shi ne fankarsa. Ƙarfe mai sheƙi riƙe zafi yake yi, baƙi ko mai kaushi ya fi saurin fitar da shi, kuma a zafin watan Afrilu na Jigawa ba ka da rarar da za ka yi wasa da ita. Tun da Honda ta fito da wannan inji a 1975, don ƙasashe irin namu ta ƙera shi, inda hanya ba kyau kuma ba a cika canja mai a kan kari ba. Juriyarsa ce darajarsa. Wanke tsakanin haƙarƙarin da kananzir, laka ta fita. In kwalliya kake so, ka yi mata baƙin fenti mai jure zafi shafi ɗaya siriri, ka goge bakin kowane haƙarƙari kaɗai ya yi fari. Wayoyin taya ma kada ka sa musu samfefa, ruwan tutiya ne a jikinsu irin na kwanon rufi, yana tafiya tsatsa ta sauka.

Baba Maƙeri: Jikana ne yake rubuta mini. Na ji ana maganar salansa, akwai abin da ba ku faɗa ba. Wuyanta kusa da inji in ya yi launi, ba datti ba ne, wuta ce ta yi rubutu. Mu da launin nan muke gane ƙarfe ya sha wuta daidai in muna ƙera wuƙa ko lauje. Yana farawa da ruwan kara, ya koma ja-ja, ya yi wuyan kurciya, sannan shuɗi. In wuyan salansa ya yi shuɗi da wuri, a duba kafireta, mai ne ya yi kaɗan inji yake ƙuna. Gogewa ba ta maganinsa, ka goge yau gobe ya dawo. Sannan yaro, in akwai tagulla a kayan adonka, jiƙa tsamiya ka murza da ita, ka ɗauraye, ka bi da garin alli a busasshen ƙyalle. Da shi muke fito da likkafa da linzami tun ba a san man gwangwani ba.

Malamin Fasaha: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da muke koyarwa ke nan da ma'auni: ruwan kara wajen digiri 230, shuɗi wajen 300. Allin ma ku riƙe shi, bayan an gama da man goge ƙarfe irin su Autosol ko Brasso, in aka barbaɗa garinsa ko ɗan fulawa aka share, yana kwashe baƙin maiƙon da yake saura. Ɗigon tsatsar da yake kan mashin da garen taya kuma, dunƙule takardar alminiyum irin ta naɗe nama, ka tsoma a ruwa ka murza a hankali. Ta fi kurom taushi, tsatsar za ta ɗauke ta bar rigar. Da ita ka fara a salansa da yanzu ba ma wannan zancen.

Autan Baba: Malam, a daina tuna mini. Tambaya ta ƙarshe: in ya yi ƙyallin, me zan sa kada ya dushe?

Oga Fenta: Banish za ka fesa masa, mai haɗin hadna, ruwan da yake sa shi tauri, irin na mota. Ka wanke da tina tukuna don maiƙo ya fita. Shekara biyu ba ruwanka da gogewa.

Malamin Fasaha: A nan kam mun rabu, Oga. Fenti sawu yake nema ya kama, kai da bakinka ka ce a share sawu har 2000. A kan madubi me zai riƙe? Ga zafin inji, ga fetur da yake ɗiga daga kafireta, ga tsakuwa. Wuri ɗaya ya fashe ruwa ya shiga, hanyar garar nan ta dawo, kuma sai an kankare duka kafin a gyara. In tsirara yake, iska ce kawai take yi masa wani siririn mayafi ya ɗan dushe, minti 10 da tsumma ya dawo.

Oga Fenta: Minti 10 duk sati har yaushe? Ango ne fa. Wata biyu zai yi yana yi, daga nan tsumman ma sai an nema. Ni mutane nake yi wa aiki, na san halinsu. Kuma banish ɗin da ka gani yana ɓarewa na gwangwani ne, ba mai hadna ba.

Malamin Fasaha: Ko mai hadna ne yana rage ƙyallin, ka ajiye biyu a rana ka gani.

Oga Fenta: Yana ragewa kaɗan, na yarda. Ragin da daga taku uku ba mai ganewa.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya: Ku bar shi ya raba muku gardama: gangar birki da take shan laka a yi mata banish, murfin da hannu yake kaiwa a bar shi haka da folish ɗin mota. Nawa guzurin shi ne na hunturu. In ƙura ta kwanta a kai kada ka share da busasshen tsumma, ƙurar nan ita ma samfefa ce, watsa ruwa tukuna. In rijiyarku mai zartsi ce, tsane shi nan take kada ya bushe da kansa ya bar tabo. Kuma duk ranar da ka ɗauko buhun takin zamani, wanke mashin kafin ka kwanta. Ba abin da yake cin ƙarfe a ƙauye kamar taki.

Autan Baba: Salamu alaikum, na dawo bayan kwana 23. Na yi yadda aka ce. Lamba 240 ita ta fi cin rai, dare huɗu a murfi ɗaya. Da na kai 600 na kusa fasawa, don abin sai ƙara dushewa yake kamar bayan faranti. A 1000 ne na ɗaga shi saitin fitila na ga inuwarta ta fara zama a ciki. Yatsuna sun suɗe har wayata ta daina gane zanen babban yatsana. Ranar Lahadi na kai Gujungu, Oga Mai Walda ya share ƙasan teburinsa yana mita, ya ɗora faifai. Baƙi ya fara yi kamar gawayi, gabana ya faɗi, yana sharewa sai ga rumfar kasuwa da mutane a ciki.

Matsala ɗaya: murfin hagu, inda na fi dannawa, ya fito da 'yan ramuka ƙanana kamar zanzana, baƙi ya cika su. Na ƙara samfefa ne?

Oga Fenta: A'a, tsaya haka. Zubi aka yi wa murfin, kumfar iska ce ta maƙale a ciki tun a kamfani, fatar sama ce take rufe ta. Kana ƙara zurfi suna ƙara yawa. Sa kananzir da tsohon buroshin haƙori ka fitar da baƙin, ka bi da alli, za su ɓuya.

Mai Walda Gujungu: A faɗa wa Malam rubutun HONDA yana nan ko wasali bai ɓata ba.

Malamin Fasaha: Na ga hoton, aiki ya yi kyau, Oga. Na dama kuwa har gizagon da yake rataye a bangon bayanka na hango a ciki.

Kawu Manomi: Hancin fa, an gani?

Autan Baba: An gani, Kawu, ya ma fi na da girma. Inna ce ta fito da asuba za ta ba kaji dusa, ta tsaya a kansa ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta sunkuya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a jikin murfin, ta ce in na gama akwai tukwanenta guda shida a madafa.

Maman Amira: Ka fara da ta miya. Kuma ban da soda.

Ɗan Ɓaɓura: Ango, ragowar 800 da 1000 ɗin nan kada ka yar. Zan aiko yaron mota ya karɓa ranar Alhamis in za su wuce Maigatari.